Tarihin Binciken Cin Abincin Ƙwayar Kansa: Daga Warburg Zuwa Hanyoyin Saƙo

Kowace ƙwayar halitta a jikin ɗan Adam tana bukatar abinci domin abu biyu: kuzarin da za ta yi aiki da shi, da kayan da za ta gina kanta. Babban abincinta shi ne sukarin gulukos da jini ke kai mata. Ƙwayar kansa ma da shi take rayuwa, sai dai cinta ya sha bamban da na lafiyayyar ƙwaya. Binciken wannan bambanci fanni ne mai zaman kansa a ilimin likitanci, kuma tarihinsa ya kai shekara ɗari. Ya faro a birnin Balin na Jamus a farkon shekarun 1920, ya yi tashe, ya dusashe na tsawon lokaci, sannan ya farfaɗo a ƙarshen ƙarni na 20, lokacin da aka gane cewa hanyoyin saƙo na cikin ƙwayar su ke ba ta umarnin irin wannan ci.

Hanyoyi biyu na sarrafa sukari

Idan gulukos ya shiga ƙwaya, matakin farko shi ne a raba shi gida biyu, a samar da wani sinadari mai suna fairubet. Wannan mataki, wanda masana ke kira gilaikolisis, ba ya bukatar iskar oksijin, amma ribarsa kaɗan ce: ƙwayar ATP biyu kacal daga kowane gulukos ɗaya. ATP shi ne sinadarin da ƙwaya ke kashewa a duk aikin da za ta yi. Idan akwai oksijin, sai fairubet ya wuce cikin wasu ƙananan sassa da ake kira mitokondiriya, a ƙone shi ƙurmus ya zama ruwa da iskar kabon, a samu ATP kusan 30. Idan kuwa oksijin ya yi ƙaranci, sai a mayar da fairubet ya zama laktet, wato sinadarin nan da ke sa nono tsami, a fitar da shi waje. Haka tsokar mai gudun tsere ke yi idan numfashi ya kasa isarta.

Louis Pasteur na Faransa ya nuna a 1861 cewa yisti yana rage cin sukari da zarar ya samu iska. Daga nan masana suka ɗauki abin a matsayin ƙa'ida: ƙwayar da ke da oksijin ba ta bin hanya mai ƙarancin riba.

Aikin Warburg a Balin

Otto Warburg ne ya gano cewa ƙwayar kansa ta karya wannan ƙa'ida. An haife shi a Freiburg a 1883, mahaifinsa Emil Warburg sanannen masanin fiziya ne. Ya yi karatun sinadarai a hannun Emil Fischer, ya samu digirin dakta a 1906, ya ƙara da na likitanci a Heidelberg a 1911. Bincikensa na farko a kan ƙwan wata halittar teku mai ƙaya ne, a tashar bincike da ke Naples ta Italiya, inda ya ga numfashin ƙwan yana ninkuwa da zarar ya fara girma. Saboda haka da ya juya ga kansa bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya yi zaton zai tarar da ƙari yana shan oksijin fiye da kima.

Ƙarfin Warburg yana cikin kayan aikinsa. Yakan yanka naman ƙari falle-falle, siriri ƙwarai yadda iska za ta ratsa shi, ya sa a ƙaramar kwalba mai ruwan gishiri da sukari, ya haɗa ta da ma'aunin matsin iska, ya tsoma ta a ruwa mai ɗumin jiki, injin yana girgiza ta. Hawa da saukar ruwan da ke cikin ma'aunin su ke nuna yawan oksijin da naman ya sha da yawan laktet da ya fitar. A 1923 da 1924, tare da abokan aikinsa Seigo Minami da Karl Posener da Erwin Negelein, ya wallafa sakamakon da ya saɓa wa zatonsa. Naman ƙari yana mayar da gulukos laktet kusan ninki goma na lafiyayyen nama, alhali oksijin na nan a wadace.

Ba a jima ba aka tabbatar da haka a jikin dabba mai rai. A 1925, Carl Cori da matarsa Gerty Cori, a birnin Buffalo na Amurka, suka gwada jinin kazar da ke da ƙari a fiffike ɗaya. Jinin da ke fitowa daga fiffiken mai ƙari yana da ƙarancin sukari da yawan laktet idan aka kwatanta da na ɗaya fiffiken.

Warburg ya samu kyautar Nobel a 1931, amma saboda aikinsa kan enzayim ɗin numfashin ƙwaya. A shekarar ce ya zama shugaban sabuwar cibiyar bincike a unguwar Dahlem, wadda Gidauniyar Rockefeller ta ba da kuɗin ginawa. Zuwan 'yan Nazi a 1933 ya tarwatsa masana sinadaran jiki na Jamus. Tsohon mataimakinsa Hans Krebs ya yi hijira zuwa Ingila, kuma a Sheffield ya bayyana zagayen ƙone abinci na cikin mitokondiriya a 1937. Warburg kuwa, duk da cewa dangin mahaifinsa asalin Yahudawa ne, an bar shi ya ci gaba da aiki a Jamus har ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu.

Gardamar 1956 da dusashewar fannin

Abin da Warburg ya auna gaskiya ne, amma fassarar da ya yi masa ita ta jawo gardama. Ya kafe kai da fata cewa lalacewar numfashin ƙwaya ita ce tushen kansa: mitokondiriya ta samu illa, ƙwayar ta koma ga yin laktet don ta rayu, daga nan ta zama kansa. Ya maimaita wannan ra'ayi a mujallar Science a 1956. A shekarar kuma Sidney Weinhouse na Philadelphia ya mayar masa da martani. Ya yi amfani da sukari da kitse masu alamar kabon-14, ya nuna cewa ƙwayoyin kansa da yawa suna ƙone abinci da oksijin kamar sauran ƙwayoyi. Mitokondiriyarsu tana aiki, yin laktet ɗin ƙari ne a kan numfashi.

Wannan ya bar tambaya babba a buɗe. Idan injin numfashi lafiya yake, me ke tura ƙwayar ga wannan ɓarnar sukari? Kayan aikin zamanin ba su iya amsawa ba. Hankalin masana kuma ya riga ya koma wani wuri, domin an gano sigar DNA a 1953. Warburg ya rasu a 1970 yana kan bakansa. A 1972 Efraim Racker ya raɗa wa al'amarin sunan Warburg, amma a lokacin yawancin masu bincike sun ɗauke shi alama ce kawai ta cutar da tushenta ke wani wuri.

Duk da haka wasu daga cikin magungunan farko na kansa daga ɓangaren abincin ƙwaya suka fito. A 1947 da 1948 Sidney Farber na Boston ya ba yara masu kansar jini maganin aminopterin, wanda ke toshe amfani da sinadarin folet wajen gina DNA, cutar ta lafa na ɗan lokaci. A 1953 John Kidd ya ga ruwan jinin ɓeran Masar yana narkar da wani ƙari a jikin ɓeraye, kuma a farkon shekarun 1960 John Broome ya gano cewa enzayim ɗin asparaginase ne ke wannan aiki, ta hanyar ƙwace wa ƙwayar kansar wani sinadarin gina furotin da ba ta iya ƙera wa kanta. Har yau ana amfani da shi wajen maganin kansar jinin yara.

Zamanin sassan gado

Sashen gado yanki ne na DNA mai ɗauke da umarnin ƙera furotin guda. Tun 1911 Peyton Rous ya nuna cewa wani bairos yana jawo ƙari a jikin kaji. A 1976 Michael Bishop da Harold Varmus da abokan aikinsu a San Francisco suka gano cewa sashen gadon da bairos ɗin ke jawo kansa da shi, mai suna src, asalinsa na lafiyayyar ƙwayar kaza ne da ya gurɓace. A 1978 Marc Collett da Raymond Erikson suka nuna cewa aikin furotin ɗin src shi ne manna sinadarin fosfet a jikin wasu furotin. A 1982 aka samu gurɓataccen sashen ras a kansar mafitsarar ɗan Adam.

Daga waɗannan bincike aka fahimci abin da ake nufi da hanyar saƙo. Ƙwayar da ke cikin jiki ba ta ci ko ta rabu da ra'ayin kanta, sai ta samu izini. Izinin yakan zo ne a sigar wani sinadari daga waje, ya sauka a kan furotin mai karɓar saƙo da ke fatar ƙwayar. Wannan furotin ya kunna na biye da shi, shi ma ya kunna na gaba, yawanci ta hanyar manna fosfet, har saƙon ya isa ga DNA ko ga enzayim ɗin da zai yi aikin. A cikin kansa, wani daga cikin wannan jeri yakan maƙale a kunne, sai saƙon ya yi ta tafiya ba tare da kowa ya aiko shi ba.

Haɗuwar wannan ilimi da tsohon aikin Warburg ta fara bayyana a 1987, lokacin da Jeffrey Flier da abokan aikinsa suka nuna cewa sanya ras ko src a cikin ƙwaya yana ƙara yawan furotin masu shigar da gulukos. Ke nan yawan cin sukari umarni ne daga sashen gadon da ya gurɓace.

Manyan hanyoyin saƙo

Hanya ta farko ita ce ta PI3K da Akt. Ɗakin binciken Lewis Cantley a Boston ya gano enzayim ɗin PI3K a tsakanin 1985 da 1988. Ita ce hanyar da insulin ke bi ya umarci tsoka da kitse su kwashe sukari daga jini. Idan Akt, wanda ke biye da PI3K a jerin, ya kunnu, yakan ƙara ƙofofin gulukos a fatar ƙwaya, ya zaburar da enzayim ɗin farko na gilaikolisis. A 1997 aka gano PTEN, furotin da ke kashe wannan saƙo, wanda ƙari da yawa suka rasa. A 2004 masu bincike a Jami'ar Johns Hopkins suka ba da rahoton cewa shi kansa sashen gadon PI3K yana yawan gurɓacewa a kansar hanji da wasu ire-iren kansa.

A ƙasan Akt akwai mTOR, wanda labarinsa ya faro daga ƙasar da wata tawagar Kanada ta ɗebo a tsibirin Rapa Nui a 1964. Daga wata ƙwayar bakteriya da ke cikin ƙasar Suren Sehgal ya fitar da maganin rapamycin a Montreal. A 1991 Michael Hall da abokan aikinsa a Basel suka gano furotin ɗin da maganin ke kamawa a cikin yisti, a 1994 aka samu takwaransa a dabbobi masu shayarwa. Aikin mTOR shi ne auna ko akwai isasshen abinci da izinin girma, sannan ya ba da umarnin ƙera furotin da kitse da kayan DNA.

Hanya ta biyu ita ce ta Myc, kuma tarihinta ya ratsa Afirka. A 1958 Denis Burkitt, likitan fiɗa a asibitin Mulago da ke Kampala, ya bayyana wani ƙari mai kumbura muƙamuƙin yara, wanda ya fi yawa a yankunan da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, har da Najeriya. Yana cikin ƙari mafiya saurin girma a jikin ɗan Adam. A Ibadan, a 1963, Robert Pulvertaft ya raini ƙwayoyin wannan ƙari a kwalba, kuma zuriyarsu na nan ana aiki da ita a ɗakunan bincike na duniya. A 1982 aka gano cewa a cikin wannan cuta sashen Myc yakan tashi daga kuromosom na 8 ya koma na 14, inda ya kasance kullum a kunne. A 1997 ɗakin binciken Chi Van Dang ya nuna cewa Myc yana kunna enzayim ɗin da ke mayar da fairubet laktet. A 2008 da 2009 aka ƙara gano cewa yana sa ƙwaya ta dogara ga gulutamin, abinci na biyu da Harry Eagle ya lura tun 1955 cewa ƙwayoyin da ake rainonsu a kwalba suna bukata da yawa.

Hanya ta uku ita ce ta HIF, mai jin ƙarancin oksijin. Gregg Semenza ya gano shi a 1992, ya tace shi a 1995. Idan oksijin ya wadata, wani furotin mai suna VHL yakan kama HIF a rushe shi nan take. Idan ya yi ƙaranci, HIF ya taru, ya kunna enzayim ɗin gilaikolisis, ya rage shigar fairubet cikin mitokondiriya, ya kira sababbin jijiyoyin jini. Peter Ratcliffe na Oxford da William Kaelin na Boston suka warware wannan tsari a tsakanin 1999 da 2001, su ukun suka raba kyautar Nobel ta 2019. A mafi yawan kansar ƙoda VHL ya lalace, don haka ƙwayar tana yin kamar iska ta yanke mata alhali oksijin na kewaye da ita. Wannan shi ne bayani mafi kusa ga abin da Warburg ya gani a kwalbarsa.

Akwai kuma masu taka birki. Enzayim ɗin AMPK, wanda Grahame Hardie na Dundee ya yi fice a kansa, yakan kunnu idan ATP ya ragu, ya dakatar da gine-gine, ya danne mTOR. A 2003 aka gano cewa mai kunna shi LKB1 ne, furotin da aka riga aka sani yana hana ƙari. A 2006 aka nuna cewa p53, wanda ya lalace a kusan rabin kansar ɗan Adam, shi ma yana rage gilaikolisis ya ƙarfafa numfashi.

Dalilin ɓarnar sukari

Saura tambayar amfanin da ƙwayar ke samu. Amsar da ta fi karɓuwa ita ce wadda Matthew Vander Heiden da Cantley da Craig Thompson suka tsara a 2009. Ƙwayar da za ta rabu biyu dole ta ninka duk abin da ta mallaka: DNA, furotin, da kitsen fatarta. Gulukos ɗin da aka ƙone ƙurmus ya tafi a iska, ba a gina komai da shi. Mai shirin rufa sabon ɗaki ba ya cusa azararsa a murhu. Idan gulukos yana kwarara da yawa, ƙwayar na iya karkatar da wani kaso zuwa ƙera kayan gini. Shi ya sa lafiyayyun ƙwayoyi masu saurin rabuwa, irin su ƙwayoyin garkuwar jiki idan suka tashi yaƙi da cuta, su ma haka suke ci. A 2011 Douglas Hanahan da Robert Weinberg suka sanya sauyin sarrafa abinci cikin alamomin kansa, abin da babu shi a jerinsu na shekarar 2000.

An kuma gano cewa umarnin yana iya fitowa daga ɗaya ɓangaren. A 2000 da 2002 aka samu wasu ƙari na gado da ke tasowa daga lalacewar enzayim biyu na zagayen Krebs, SDH da FH. A 2008 aka ga gurɓacewar enzayim ɗin IDH1 a kansar ƙwaƙwalwa, a 2009 aka gano cewa gurɓataccen yana ƙera baƙon sinadari mai suna 2-HG, wanda ke hana ƙwaya buɗe sassan gadon da za ta balaga da su. A waɗannan 'yan wurare, lalacewar sarrafa abinci ita ce mafarin cutar, kamar yadda Warburg ya yi zato.

Abin da ya isa asibiti

Amfani mafi girma shi ne hoton PET. A 1976 masana a cibiyar Brookhaven ta Amurka suka haɗa FDG, wato gulukos da aka maƙala wa fulorin-18 mai fitar da haske, aka fara gwada shi a jikin mutum a Jami'ar Pennsylvania a shekarar. Majiyyaci yakan yi 'yan sa'o'i bai ci abinci ba, a yi masa allurar, ya kwanta shiru kusan sa'a ɗaya. Ƙwaya tana haɗiye FDG kamar sukari amma ba ta iya sarrafa shi, sai ya taru a cikinta. A hoton, ƙwaƙwalwa da mafitsara sukan yi haske bisa al'ada, ƙari kuma ya fito fili duk inda ya yaɗu. Ƙarfin fulorin-18 yana raguwa da rabi a cikin minti 110, don haka dole injin ƙera shi ya kasance kusa da asibitin, abin da ya sa hoton ke da tsada da wuyar samu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi.

A ɓangaren magani, sakamakon gauraye ne. An amince da temsirolimus a 2007 da everolimus a 2009, dangin rapamycin, don kansar ƙoda. Magungunan IDH sun fito a 2017 da 2018 don kansar jini, wani kuma a 2024 don ƙarin ƙwaƙwalwa. Belzutifan, mai toshe HIF, ya samu izini a 2021. Alpelisib, mai toshe PI3K, ya fito a 2019 don kansar mama, kuma babbar illarsa hawan sukarin jini ce, tun da hanyar da yake toshewa ita ce ta insulin. Metformin, maganin ciwon sukari mai kunna AMPK, ya ba da fata bayan wani nazari a Dundee a 2005, amma babban gwajin da aka yi da mata fiye da 3,000 masu kansar mama, wanda aka wallafa a 2022, bai nuna amfani ba.

Dalilin wahalar shi ne ƙari ba ya tsayawa kan abinci ɗaya. A 2016 da 2017 Ralph DeBerardinis na Dallas ya ɗura wa masu kansar huhu gulukos da laktet masu alama a lokacin fiɗa, ya tarar ƙarin yana ƙone gulukos a mitokondiriya sosai, har ma yana cin laktet. Irin cin ya danganta da sashen gadon da ya gurɓace, da gaɓar da ƙarin ya tsiro, da nisansa daga jijiyar jini.

Wannan ilimi ya kuma warware wani ruɗani da ya yaɗu, cewa barin shan sukari yana kashe kansa da yunwa. Hanta tana ƙera gulukos daga wasu abinci don kada sukarin jini ya faɗi, saboda haka ƙarin ba ya rasa rabonsa, majiyyacin ne ke ramewa. Abin da aka tabbatar shi ne ƙiba mai yawa tana ƙara haɗarin kamuwa da kansa iri 13, kamar yadda hukumar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2016. Rage ƙiba rigakafi ne mai amfani, amma ga wanda cutar ta riga ta kama, tsarin abinci ba ya maye gurbin fiɗa ko gashi ko maganin da likita ya rubuta.